Rigar Karafan ɗin Baba

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, wata ranar Juma'a, Baba ya ƙwala mini kira daga tsakar gida. Na riƙe lokacin ne saboda ina gwada kaina da tambayoyin lissafi na jarrabawar fita sakandare, agogo na gabana a kan tabarma. Na ajiye biro, na yafa mayafi, na je na tsaya a bayan labulen ƙofa, inda nake tsayawa duk lokacin da akwai maza a gidan.

A unguwar Karantina ta Jidda muke a lokacin, a gidan da kakana ya gina bayan ya tsallako daga Sudan. Ɗakunan ƙanana ne, amma akwai fili a gaba, kuma karafan ɗin Baba ya cinye rabinsa. Karafan shi ne ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi da shi jeji ko bakin teku. Baba ya daɗe yana kallon 'yan gari suna wucewa da nasu ranar Alhamis da yamma, shi kuma yana dawowa daga tashar jiragen ruwa, inda yake aikin gyaran kwantena. Wata rana ya sayo wani matacce a kasuwar gwanjo, ba abin da ya rage a jikinsa sai gindi da tayoyi, ya ce zai tashe shi da hannunsa.

Ba shi kaɗai ya tashe shi ba. Duk Juma'a bayan La'asar abokansa biyu na lungunmu sukan shigo, Ammi tela da Ammi direba. Ammi muke ce wa duk abokin uba. Wasu ma sukan leƙo, a riƙe wannan, a miƙa wancan, a sha shayi da na'ana'a, amma su biyun nan ba sa fashi. Ammi direba yakan ce tela na auna ƙarfe kamar zai yanka jallabiya, sai ya bar masa wurin ƙiba. Ammi tela kuma yakan ce mutumin da bai taɓa tuƙi a layi ɗaya ba, wane marar tausayi ne ya ba shi walda. A haka suka shimfiɗa daɓe, suka tayar da sandunan bango, suka fitar da gurbin ƙofa da na tagogi. Ya tsaya a filinmu kamar haƙarƙarin raƙumi, ana hango shanyar Umma ta cikinsa.

Abin da ya rage shi ne a rufe jikin. Ammi tela riga yake kiran wannan. Aiki ne na Juma'o'i da yawa idan da hannu za a yi shi, kuma kowa ya san Juma'o'in da suka rage mana a unguwar ba su da yawa. An riga an fara rushe wasu unguwanni a kudancin gari, ana cewa tamu na tafe. Ba wanda ke ɗauko zancen a tsakar gidanmu. Amma na lura Baba ya daina sallamar su in an kira Magariba. Sai su yi salla a nan gefen taya, su sake zama, kowa da wani abu a hannu.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "malaman nan sun kasa shiryawa. Tela ya ce alminiyom, direba ya ce faiba. Ke da kike karatu, me kika gani?"

A gidanmu, da ma duk lungun, irin wannan tambayar amsarta ɗaya ce. Idan babba ya nemi ra'ayin yaro a gaban baƙi, yaro yakan ce duk yadda kuka gani, baƙi su ce masha Allah da tarbiyya, a ci gaba da hira. Na san wannan sarai, na sha faɗinsa. Amma ran nan kaina na cikin lissafi, inda duk tambayar da aka yi tana da amsarta a wani wuri, kuma wannan ta yi mini kama da irinsu. Sai na ji bakina ya ce ban sani ba tukuna, amma in an ba ni mako guda zan bincika.

Ammi direba ya tuntsire da dariya, ya ce to an sami injiniya, tela ya tattara ya koma kan kekensa. Baba ma ya yi dariya, kuma na ji jin daɗi a cikinta. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Abin da Uwata ta ce, shi za a yi." A gaban duk wanda ke wurin ya faɗa.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta malamai kan manta ina cikin aji sai an raba takardun jarrabawa. A kan karafan ɗin kuwa, iyakar aikina in kawo butar shayi bakin labule in ƙwanƙwasa bango. Wannan ne karo na farko da Baba ya ɗora mini wani abu nasa, don haka na ɗauke shi da hannu biyu.

Na karanta duk abin da na samu a waya, da Larabci da Turanci. Yawancin masu bayanin mutanen ƙasashen sanyi ne, sai da na riƙa tsince zancen ƙanƙara ina ajiyewa gefe. Alminiyom ba shi da nauyi, falle-falle yake zuwa kamar kwanon rufi, ana haɗa shi da birsham, ƙusar nan da ake matsewa da bindigar hannu. In falle ɗaya ya lalace sai a cire shi kaɗai a sa wani. Amma tsakuwa ma tana lotsa shi, yana shan zafin rana, kuma duk mahaɗa ƙofa ce ga ƙura da ruwa. Abin da ya fi damuna, a iskar da ke da gishiri, duk inda ya taɓa baƙin ƙarfe sai ya fara cin kansa yana fitar da farin gari. Sandunan karafan ɗinmu kuwa baƙin ƙarfe ne duka.

Faiba ita ce irin abin da ake yin tankunan ruwa na saman gidaje da jiragen masunta. Shimfiɗa ɗaya ce sumul daga gaba har baya, ba mahaɗa, ba ta tsatsa, ba ta lotsewa, kuma cikin ya fi sanyi. Tana da nata aibin, ban ɓoye wa kaina ba. Ta fi nauyi, rana na koɗar da ita, kuma in ruwa ya shiga ta bayanta takan kumbura, gyaran kuma ba na kowa ba ne. Ban yarda da karatu kaɗai ba, na hau saman gidanmu da tsakar rana na duba. Tankinmu ya girme ni, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, amma ko tsaga babu. Tagar maƙwabtanmu ta alminiyom kuwa, wadda aka sa ina da wayo, gefenta duk ya yi ƙuraje. Na shafa, farin garin ya biyo yatsana.

A tsakiyar makon ina taya Umma gyaran mulukiya, wato lalo, a kicin, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, Babanku ya kai bindigar birsham ɗinsa an wanke masa ita, kuma shekaranjiya shi da tela sun biya unguwar Hindawiyya sun ga fallayen alminiyom. Na ɗauka taimaka mini take da bayani. Na tambaye ta kaurin fallayen nawa ne. Ta dube ni ta daɗe, ta ce ba ta sani ba, in miƙo mata tafarnuwa.

Juma'ar da ta zagayo na tsaya a bayan labule na faɗi abin da na samo. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban maza ba, amma ban tsallake komai ba. Na ba alminiyom haƙƙinsa, na ba faiba nata, na kawo zancen gishiri da raɓar Jidda, na ce a ganina faiba ce. Ammi direba ya tafa, ya ce wa tela ya ji ko, ilimi ya tsaya a bayan gaskiya. Daga baya na gane shi ba abin da ya sani a kan faiba, ya zaɓe ta ne kawai don tela ya ce alminiyom.

Ammi tela ya ajiye kofin shayinsa. Ya juyo wajen labulen, ya ce, "To ya binti, 'yata, a nan za mu liƙa ta?"

Na ce a'a. Na ce sai an kai warsha, wajen masu wannan sana'a, inda suke da injin da ke danne ta a jikin katako har gam ɗin ya kama. Na ce warin gam ɗin ba na cikin gida ba ne, ƙurarta kuma in an yanka tana shiga fata da ƙirji. An tambaye ni ne, kuma haka abin yake.

Ta ƙasan labule ina ganin ƙafafunsu. Ba wanda ya motsa. Can Ammi direba ya yi gyaran murya, ya ce shi fa tsokana yake yi, alminiyom ɗin ma ai ba laifi, mutane nawa ke yawo da shi. Ammi tela, wanda tun da nake ban taɓa jin ya goyi bayansa a kan komai ba, ya ce wallahi haka ne.

Baba ya ce, "Na riga na faɗa."

A wajensu magana ce da ta ƙare. Mutum ba ya cewa a gaban maza abin da 'yarsa ta ce shi za a yi, ta je ta wahala ta dawo, sannan ya ce wasa ne. Da ya yi haka, ni ya kunyata, kuma duk lungun sai an ji. Ya ce mini Allah ya yi albarka, in je in huta. Na koma ɗaki ina jin kamar na ci jarrabawa.

Ranar da za a fitar da shi, motar Ammi direba ta kasa juyawa a lungun, sai da aka tura shi da hannu har bakin titi. Duk mazan layin suka fito. Ammi tela na gaba yana ba da umarni, dama, hagu, ba wanda ke jin sa. Gefe ɗaya ya gogi katangar wani tsoho, ya fito yana faɗa, da ya ga abin da ake yi sai shi ma ya sa kafaɗa. Ina leƙe ta taga. Na tuna na yi murna da yawan mutanen.

Inda ya tashi ya bar shaci a ƙasa, murabba'i mai tsawo da ɗigon baƙin mai. Umma ta ƙara igiyar shanya ta ratsa wurin.

Juma'ar farko sun zo kamar kullum. Na kai shayi, na ƙwanƙwasa bango. Amma da babu abin riƙewa a hannu, hirar ba ta da inda za ta tsaya sai kan abin da suke gudu. Wa ya sami gida, a ina, wa iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, wa zai iya ɗaukar tsohuwarsa ya hau da ita bene. Ba tsokana, ba musu. Kafin Magariba kowa ya tashi. Juma'a ta biyu Ammi tela ya aiko cewa ɗinki ya yi masa yawa. Bayan nan Ammi direba ya sami lodi zuwa wajen gari. Ba faɗa aka yi ba. Suna haɗuwa a masallaci, suna gaisawa a ƙofar gida. Zaman ne kawai ya mutu.

Baba yakan kifa bokiti a kan shacin ya zauna shi kaɗai bayan La'asar. Wani lokaci yakan je warshar ya ga inda aka kwana. Ya ba mu labari a kan abinci cewa mai wurin mutumin kirki ne, ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya kuma roƙe shi don Allah ya Hajji kada ya taɓa komai. Da dariya ya faɗa. Umma ba ta yi ba. A lokacin ne na fara gane abin da ta so gaya mini a kicin, amma karafan ɗin ya riga ya sha gam, gefe ɗaya har an danne.

Sai jan rubutun da ake yi wa gidajen da za a rushe ya iso katangarmu. Daga nan komai ya tafi da sauri: kwalaye, igiya, neman mota, rabon tukwanen da ba su da wurin zama a sabon gida. Ammi tela ya koma Makka wajen babban ɗansa. Ammi direba ya sami wuri can arewacin gari, tafiya mai nisa ko da ba cunkoso. Mu kuma muka hau bene hawa na uku a gabas, bayan babban titi, inda ba fili, ba ma inda za a kifa bokiti.

Bayan mun tashi aka gama karafan ɗin. Kafilin Baba, ɗan garin da ya tsaya masa a takardun zama, ya yarda a ajiye shi a bayan sitonsa, can muka je muka gan shi. Fari fat, sumul, yana ɗaukar ido, ko layin mahaɗa ɗaya babu. Na zagaya shi ina neman wani wuri da zan ce nan Ammi tela ya auna, nan Ammi direba ya yi walda. Duk yana ciki, an rufe. Wanda bai sani ba zai rantse daga kamfani ya fito haka.

Duk abin da na karanta ya tabbata. Mun sha zuwa da shi bakin teku kudu da gari, mu kafa shi kusa da ruwa. Da tsakar rana cikin yana zaunuwa. Iskar gishiri ta buge shi lokaci bayan lokaci, ko ɗigon tsatsa bai nuna ba. An yi ruwan saman nan na Jidda da ke cika tituna, bai yi yoyo ba. In maƙwabtan zango suka zo suna tambayar inda aka saye shi, Baba yakan nuna ni ya ce 'yata ce ta zaɓi kayan, kuma ba na shakkar da gaske yake alfahari. Amma ban taɓa jin ya ce mu muka gina shi ba.

Ammi direba ya zo ganinsa sau ɗaya. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa jikin da bayan yatsa, ya ce masha Allah, tabarakallah. Ya duƙa ya leƙa ƙasa, ya taɓa taya, ya girgiza ƙofa, kamar mai neman abin da zai ce a gyara. Bai samu ba. Ya sha shayi, ya ce hanya da nisa, ya tafi da sauran rana. Ammi tela a hoto kawai ya gan shi. Ya aiko da saƙon murya cewa rigar ta yi kyau, sai dai ba ɗinkinsa ba ce.

Har yau in aka tambaye ni wanne ya fi dacewa da iskar Jidda, faiba zan ce. Ban sami kuskure a binciken ba, kuma na sake bin sa ba sau ɗaya ba. Wannan ne ma ya sa abin ya ƙi barina. Da ta kumbura ko ta tsage, da na san sunan abin da ke damuna.

Na fara tambayar Umma. Muna wanke-wanke a sabon kicin, na ce mata ko Baba ya taɓa yi mata zancen. Ta ce ita aka kira bayan labule ran nan? Wanda ya yi tambayar yana nan da ransa, in je in same shi. Na daɗe ban je ba. Na gama sakandare, na shiga kwaleji, ina iya tsayawa gaban aji in yi bayani, amma wannan tambaya ɗaya in na ɗauko ta sai in fasa.

Wata Asabar da safe muna shirin tashi daga bakin teku, Umma na ciki tana naɗe shimfiɗu. Baba ya ɗebo ruwa a bokiti yana wanke gishirin da ya kwanta a jikin karafan ɗin. Ba aiki ba ne mai tsawo, tsumma na bi sau ɗaya ya koma fari. Na ga ya gama gefen, ya tsaya yana kallonsa, ya sake komawa farko yana goge inda ya riga ya goge. Na je na karɓi bokitin na riƙe masa.

"Baba, da a ce ran nan na ce duk yadda kuka gani, da me za ka zaɓa?"

Bai tambaye ni wace rana ba. Ya matse tsumman, ya ce ko na ga yoyo ne a wani wuri, in nuna masa. Na ce babu. Ya ce to alhamdu lillahi, injiniya ta yi aikinta, yalla mu tattara kafin rana ta yi zafi. Da a da ne, nan zan tsaya. Na ce masa ba wannan na tambaya ba.

Ya dube ni, sannan ya mayar da ido kan farin bangon.

"Alminiyom," ya ce. "Na san taki ta fi, Uwata. Ba ki faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Amma da shi muka sa, da yanzu nan ya lotsa, can ya fara yoyo, gishiri ya ci wancan gefen. Sai in ɗaga waya in ce wa tela ya shigo mota daga Makka, in ce wa direba ya taho da akwatin kayansa. Yanzu in na kira su, in ce su zo su yi me?"